Nama ya fita raina saboda tausayin dabbobi: zan iya komawa cin tsirrai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, shekarata 33, maiɗakina tana da juna biyu, muna da 'ya mai shekara ɗaya da rabi. Wani abokina ya zagaya da ni gonar kajinsa, kuma na ga yadda ake sauke shanu daga tirela a bakin kwata. Tun daga nan nama ya fita raina. Ina so in koma cin tsirrai zalla ko kusan zalla, irin yadda wasu Turawa ke yi, ba nama, ba ƙwai, ba madara sai jefi-jefi. Mahaifiyata ta ce wannan baƙuwar aƙida ce, kuma zan lalace. Shin jikina zai ɗauka? Addini ya yarda? In sa iyalina su bi ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya, Ya raya yarinya. Aikina shi ne ba da shawara kan abinci mai gina jiki, galibi ga masu ciki da ƙananan yara da masu ciwon suga, don haka a nan zan fi daɗewa. Namiji baligi mai lafiya zai iya rayuwa garau a kan hatsi da wake da gyaɗa da ganye, muddin ya tsara cimarsa, ya kuma toshe gurbi ɗaya da tsirrai ba sa cikewa. Tsakanin zalla da kusan zalla, na zaɓar maka na biyun. Matarka da 'yarka kuwa, a halin da suke ciki yanzu, kada ka sa su a wannan tafiya.

Kada kowa ya sa ka ji kunyar abin da ya taɓa maka zuciya, domin abin da ka gani gaskiya ne. Kajin nama na gidan gona iri ne da aka yi shekaru ana zaɓa don ya yi nauyi da wuri, cikin sati shida ko bakwai sun isa yanka. Ƙirji yana girma ya fi ƙarfin ƙafafu, shi ya sa za ka ga kaza ta yi taku uku ta durƙushe, baki buɗe tana haki, musamman a zafin Afirilu. Ka ɗaga ta ka duba ƙirjinta, gashin ya tsige, fatar ta yi ja saboda kwanciya a kan dusar katako da ta jiƙe da kashi. Kajin ƙwai na keji su ma da tasu wahalar. Ana cusa uku ko huɗu a ɗaki ɗaya na waya, wurin kowace bai kai faɗin fallen takardar rubutu ba. An datse mata baki tun tana ɗan tsako, ba ta buɗe fiffike, ba ta tono, ba ta birgima a turɓaya, haka za ta zauna fiye da shekara har ƙwai ya ragu a sayar da ita. Tarayyar Turai ta hana irin wannan keji tun 2012, mu kuwa yanzu muke shigo da shi da sunan ci gaba.

Shanun da ake lodawa daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Illela da Mubi zuwa Legas suna tafiyar sama da kilomita 1,000, kwana biyu ko uku a cunkushe, an ɗaure ƙahonni, sau da yawa ba ruwa ba ci. Wanda ya karye a hanya ana murɗa masa wutsiya don ya tashi, in ya gaza a ja shi a ƙasa. Likitocin dabbobi a jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kan yawan shanu da awaki masu ciki da ake yankawa a mayankanmu. Wanda ya ga wannan da idonsa bai ji komai ba, shi ya kamata a tambaya ko lafiya.

Ga wani abu da masu irin niyyarka suka fi yin kuskure a kai. Da yawa suna barin jan nama su koma kaza da ƙwai, suna ganin sun rage laifi. Ta fuskar tausayi an gudu ne ba a tsira ba. Naman da ke jikin bijimi ɗaya, kafin ka tara irinsa daga kaji sai ka yanka kusan ɗari. Kuma bijimin Bafulatani ya yi shekaru yana kiwo a daji cikin garke, wahalarsa mai tsanani a kwanakin ƙarshe take, ita kuwa kazar gona tun daga ƙyanƙyasa har zuwa wuƙa a takure take. A duniya ana yanka kaji sama da biliyan 70 a shekara, babu wata dabbar tudu da ta kama ƙafar wannan adadi. Saboda haka idan rage azaba kake nufi, abin da za ka fara ajiyewa shi ne kazar gidan gona da ƙwan keji, ba tsiren da kake ci sau ɗaya a wata ba.

Batun halacci, fatawa ta malamai ce kuma ina so ka zauna da malaminka a kai. Amma nassoshin da suka shafi lamarin duk ɗan Islamiyya ya san su, kuma Hajiya mahaifiyarka tana da hujja a wani ɓangare. A Suratul Ma'ida, aya ta 87, Allah Ya hana muminai haramta daɗaɗan abubuwan da Ya halatta musu. A cikin Sahih Muslim akwai labarin wasu sahabbai da suka so tsananta wa kansu, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba, Manzon Allah (SAW) bai yarda da hakan ba. To amma akwai bambanci tsakanin mutum ya ce "ni ba na ci" da ya ce "bai halatta a ci ba". An kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo ya janye hannunsa, da aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a'a, ransa ne kawai ba ya so, Khalid ɗan Walid ya jawo ya ci a gabansa.

A ɗaya ɓangaren kuma, tausayin da kake ji ba baƙo ba ne a addini. Hadisi na 17 a Arba'una na Imam Nawawi yana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a yi yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu. Suratul An'am, aya ta 38, ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito Sayyidina Umar yana gargaɗi kan yawan cin nama, cewa yana da jaraba irin ta giya. Nana A'isha ta ba da labarin yadda ake ganin jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, sai dabino da ruwa. Cin nama kullum ba ya cikin abin da aka wajabta wa kowa. A ganina, niyyar da za ta tsaya da ƙafarta ita ce ka ce ba za ka sa kuɗinka a inda ake azabtar da dabba ba. Wadda za ta kai ka ga rigima da addininka ita ce ka ce yankan kansa zalunci ne, domin ga layya, ga ragon suna yana tafe nan da 'yan watanni.

Turawan da kake magana a kansu, tafiyarsu ta samo asali ne a Ingila a 1944, lokacin da Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar masu guje wa duk abin da ya fito daga dabba, har da madara da ƙwai. Ina girmama masu wannan ra'ayi, da yawansu da gaske suke. Sai dai yanayinsu ba namu ba ne. Mutumin Amurka yana cin nama sama da kilo 100 a shekara, ɗan Najeriya a matsakaicin lissafi bai kai kilo 10 ba, kuma gidaje da yawa a karkara daga Sallah sai Sallah. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan'adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, amma ba tukunyar talakan Arewa ce ta tara wannan ba. A nan dabba da gona a haɗe suke. Waken da za ka ci da takin shanu aka noma shi, ƙila ma shanun huɗa ne suka yi kunyar, harawarsa kuma rago ne zai cinye. Akwai filaye masu yawa a Sahel da ba sa nomuwa, makiyayi ne kaɗai ke fitar da abinci daga cikinsu. Babu yadda za ka yi ka zare hannunka gaba ɗaya daga dabba, abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi irin mu'amalar da za ka biya kuɗinta.

Nono misali ne mai kyau. A manyan gonakin madara na Turai ana raba ɗan maraƙi da uwarsa cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, kuma yawancin madarar gari da ta gwangwani da muke sha daga ƙasashen waje ake shigo da asalinta. A ruga kuwa saniyarmu ba ta cika sakin nono ba sai maraƙi ya fara tsotsa, don haka yana tare da ita. Ba na cewa babu aibi, da rani ana tatsa har maraƙi ya rame. Duk da haka, ga mai neman inda tausayi ya fi yawa, kindirmon ruga ya fi madarar leda, da sharaɗin an tafasa nonon kafin a kwantar da shi, saboda tarin fuka da wasu cututtukan da ake ɗauka daga ɗanyen nono.

Yanzu ga jikinka. Abin da Hajiya take tsoro shi ne furotin, kuma shi ne mafi sauƙin warwarewa. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, ga mai cin tsirrai nakan ɗaga shi zuwa giram 1. Idan nauyinka kilo 65 ne, giram 60 zuwa 65 a rana sun wadatar. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba ka kusan giram 13. Cikin tafin hannu na gyaɗa, kimanin giram 7. Awara giram 100, tsakanin 12 da 15. Gero da dawa da masarar da kake ci a tuwo da kunu da fura su ma kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin garinsu furotin ne, mutane ne ba sa lissafa shi. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wake da waken suya suna da shi da yawa, su kuma suna da ƙarancin abin da hatsi ke da shi. Ba sai an haɗa su a kwano ɗaya ba, a ci su a yini guda ya isa. Kakanninmu sun riga sun yi mana wannan haɗin: koko da ƙosai, garau-garau, ɗan wake, alale da kunu, tuwo da miyar gyaɗa ko ta wake, dambu da zogale da gyaɗa, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, fate da wake, kantun riɗi, miyar agushi. Daddawa ta kalwa tana ba miya zurfin ɗanɗanon da mutane ke nema a romo.

Awara ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce za ta zama namanka. A tsince waken suya a jiƙa shi, a markaɗa da laushi, a tace da ƙyalle, a ɗora ruwan a wuta. Da ya tafaso a zuba ruwan tsami a hankali, nan take za ka ga farin ya tattaru ya taso sama, ruwan ya koma garai-garai. A kwashe a ƙyalle, a zuba attaruhu da albasa da ɗan gishiri, a ɗaure a danne da abu mai nauyi har ta kame. Ba dole sai an tsoma ta a ruwan ƙwai ba, kuma ba dole sai an soya ta cikin mai mai yawa ba. A yanka ta ƙanana a ɗan gasa a tanda ko kasko, a jefa a miyar taushe ko miyar dage-dage, tana shan romon miyar. Na san maganar da ke yawo a majalisu cewa waken suya yana rage mazakuta. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu cin sa, ba a ga ya rage sinadarin namiji a jini ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin awara.

Haɗarin da na fi gani shi ne a cire nama a bar gurbinsa fayau. Mutum ya koma shinkafa da mai da yaji, taliya, burodi da shayi, soyayyen dankali, ya ce ai tsirrai yake ci. Wannan ne zai lalace kamar yadda Hajiya ta faɗa, ko ya yi teɓa jikin babu ƙwari, sukarin jini ya hau. Ƙa'idar ita ce kowane cin abinci a samu ɗaya daga cikin wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya, riɗi ko agushi, a samu ganye ko kayan lambu na gaske, ba ɗan yayyafi a saman shinkafa ba.

Gurbin da na ce tsirrai ba sa cikewa shi ne bitamin B12, kuma a nan ba na sassautawa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya, su ke ƙera shi, muna samun sa ta nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Babu shi a zogale, babu shi a kuka, kuma kada ka dogara da daddawa ko kamu don wani ya ce abin da ya yi tsami yana da shi. Baligi yana buƙatar maikurogiram 2.4 a rana. Matsalar ita ce hanta tana ajiye shi kamar rumbu, mutum zai yi shekara biyu, uku, har fiye yana ɗiba ba ya zubawa, yana cewa ai lafiyarsa ƙalau, sai ranar da rumbun ya ƙare. Daga nan sai kasala, ƙarancin jini, harshe ya yi santsi yana zafi, tafin ƙafa da yatsu su riƙa jin kamar ana tsira allura, tafiya ta fara tangaɗi, mantuwa ta shigo. Idan aka makara, lalacewar jijiya ba ta cika komawa daidai ba. Wani abin lura kuma, mai cin ganye da wake yana samun folik asid da yawa, shi kuwa yana iya ɓoye ƙarancin jinin alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa.

Maganinsa ƙwaya ce mai araha. Ƙungiyar masu cin tsirrai ta Ingila da kanta tana shawartar mabiyanta su sha aƙalla maikurogiram 10 kullum, ko 2,000 sau ɗaya a mako. Adadin mako ya yi yawa haka ne domin hanji ba ya iya ɗaukar fiye da ɗan kaɗan a lokaci guda, sauran kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke ratsawa. Idan ka je kyamis kada ka karɓi duk abin da aka miƙo maka da sunan bi-kwamfiles, da yawansu B12 ɗin da ke ciki ɗan mitsitsi ne ko babu sam. Ka juya kwalin ka nemi sunan cyanocobalamin da adadinsa. Ƙwai ɗaya yana da kusan rabin maikurogiram, kofin nono kusan ɗaya da ɗoriya, ka ga mai ci jefi-jefi ba zai cike da su ba. Idan kana shan metformin na ciwon suga, ko irin omeprazole na gyambon ciki na tsawon lokaci, su ma suna rage shigarsa jiki, sai ka sanar da likitanka.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a gero da wake da riɗi da ganye, amma na tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Namiji buƙatarsa kaɗan ce, miligiram 8 a rana, ana shawartar mai cin tsirrai ya kusa ninka hakan. Dabaru biyu sun fi komai tasiri. Ka matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗo, ko ka ci da ɗanyen tumatir da tattasai, ko ka biyo da gwaiba ko lemun zaƙi, domin bitamin C yana buɗe masa hanya. Sannan ka raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, domin ganyen shayi yana ƙulle shi a hanji. Jiƙa wake da hatsi kafin girki, da barin kamu ya yi tsami, da tsirar da gero ko dawa, duk suna karya abin da ke riƙe ƙarfe da zink a cikin ƙwayar. Kanwa kuma a rage ta, tana sa wake ya nuna da wuri amma tana kashe bitamin B1.

Sauran ba su da wuya. Kalsiyam na ƙashi yana cikin kuka da zogale da riɗi, sai dai awarar da aka haɗa da ruwan tsami ba ta da shi da yawa, wannan ma dalili ne na barin kindirmo a cimarka. Gishiri ka sayi mai aidin. Manja da karas da kabewa da mangwaro sun ishe ka bitamin A. Akwai wani mai da ƙwaƙwalwa da zuciya ke so wanda kifi ya fi komai shi, jiki yana iya ƙera kaɗan daga man waken suya, kifi sau ɗaya a mako yana rufe wannan. Gyaɗa tunda za ta yawaita a gidanka, a tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi ko ɗaci, a ajiye ta inda ba danshi, domin fumfunar da ke kama ta tana fitar da gubar da ke illa ga hanta.

Iyali kuwa, ka ji ni da kyau. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Ya nuna kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa da kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. Waɗannan yaran ba nama ne ya yi musu yawa ba. Na sha ganin uwa ta kawo yaro ɗan shekara biyu, gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba, ka tambayi abin da yake ci a ce koko da tuwo. Cikin 'yarka ba ya ɗaukar fiye da kofi ɗaya ko ɗaya da rabi a zama guda, amma ƙwaƙwalwarta da ƙashinta suna girma da saurin da ba za su ƙara yi ba. Kai za ka iya cinye kwanon wake ka samu abin da kake nema, ita cikinta zai cika tun ba ta samu rabin nata ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta ce yara daga wata 6 zuwa 23 su ci nama ko kifi ko ƙwai kullum.

Mai ciki buƙatarta ta ƙarfe tana kai miligiram 27 a rana, ga jinin da za ta zubar wajen haihuwa, ga shayarwa tana biyowa. Jaririn da uwarsa ba ta da isasshen B12 ba shi da rumbun da zai ɗiba, nononta ne kaɗai hanyarsa, kuma illar a ƙwaƙwalwarsa take sauka cikin 'yan watanni. A ƙasashen da ake rainon yara a kan tsirrai zalla, ana yi ne da abinci da aka ƙara wa sinadarai, da ƙwayoyi, da gwajin jini a kai a kai, da ma'aikacin lafiya yana bibiya. Gidajenmu kaɗan ne za su iya riƙe wannan. Ta ci gaba da zuwa awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake ba ta, ta ci kifi da ƙwai da nono da nama. Kuɗin da ka rage daga naka kason, ka mayar da shi kwanonsu.

Akwai wani haƙƙi kuma da maza kan manta. Idan ka yanke shawara a zaure ka shigo ka ce daga yau tukunya biyu za a riƙa ɗorawa, tausayin kaza ya koma wahalar mace mai tsohon ciki. Ku zauna ku yi shawara. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi miya ɗaya da daddawa da gyaɗa ko wake, a dafa nama ko kifi daban, a zuba wa mai so a kwanonsa. Jiƙa waken suya da kai niƙa da tsintar gyaɗa, ka ɗauke mata. Hajiya kuma ba da muhawara za ka shawo kanta ba. Tsoronta na uwa ne, idan ta ga wata shida sun wuce kana cin abincinka da kyau, jikinka bai zube ba, ba ka aibata kowa ba, hankalinta zai kwanta. In ta zuba maka nama da hannunta ranar da ka je gaishe ta, ka ci. Haka in ka je baƙunci ko walima, mai gida ya yanka maka kaza don girmamawa, dabbar ta riga ta mutu, ƙin ci ba zai dawo da ita ba sai dai ya ɓata zumunci. Mahauta da makiyaya da masu gidan gona mutane ne masu neman halaliyarsu, da yawansu za su gyara in aka yi musu magana da mutunci, musamman abokin naka, wanda zai iya rage cunkoso ya gyara iska da shimfiɗa, ya kuma daina sayar da kaji da ƙwai kafin maganin da ya ba su ya fita daga jikinsu.

Ɗan abin da za ka bari a cimarku na dabba, ka nemo shi daga inda idonka zai iya gani. In akwai fili a gidan, kaji huɗu ko biyar na gida da ke yawo suna tono za su ba yarinya ƙwai, a yi musu rigakafin annobar da ke kwashe kaji da hunturu. Da damina ga ƙwan zabi. Ragon suna da na layya ka saya a hannun wanda ya kiwata a gida, ka kawo shi da wuri, ka ɗaure shi a inuwa da igiya mai tsawo, ruwa a gabansa. Ranar yanka a ja shi a hankali, kada a wasa wuƙa yana kallo, kada a yanka shi a gaban ɗan'uwansa, kada a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Ka ci daga hantarsa, ka raba wa maƙwabta da mabuƙata, waɗanda yaransu suka fi kowa buƙatar naman.

Kada ka juye cimarka a dare ɗaya. Wake da ganye in suka ƙaru farat ɗaya sukan kawo kumburin ciki da iska, sai mutum ya ce abin bai karɓe shi ba. Ka ƙara kaɗan-kaɗan cikin wata guda, ana jiƙa waken ana zubar da ruwan jiƙon, kana shan ruwa sosai. Ka fara shan B12 tun makon farko. Ka hau sikeli yanzu ka rubuta nauyinka, ka yi gwajin yawan jini, ka maimaita bayan wata shida, in akwai hali ka haɗa da gwajin B12 sau ɗaya a shekara. Idan kana da sikila, ko ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko kana jinyar tarin fuka, kada ka fara sai ka ga likitanka, domin lissafin furotin da gishirin jiki ya bambanta a waɗannan. In kuma ka ga kana ramewa ba gaira ba dalili, ko jiri, ko haki a ɗan hawan bene, ko ƙafafu suna yi maka dindiris, ka je asibiti a makon, ka faɗa musu dalla-dalla abin da kake ci da abin da ka daina.